Baƙo, Kwalekwale da Baƙin Beyar: Wa Za a Bi Cikin Dajin Kanada?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau zango za mu yi mai nisa, har arewacin Kanada, ƙasar tafkuna da dazuzzuka inda mutum zai yi kwana da kwanaki yana tuƙa kwalekwale bai hango hayaƙin gidan kowa ba. Duk shekara mafarauta daga Amurka da Faransa da Jamus da wasu ƙasashe kan zuba kuɗi masu kauri su je can neman wata dabba da babu irinta a nahiyarmu, wato baƙin beyar. Duk wanda ya taɓa ganin hoton sojojin da ke gadin fadar sarkin Ingila da dogayen hulunansu baƙaƙe masu gashi, to ya ga fatar wannan dabba, domin daga Kanada ake samo ta. Akasarin masu zuwa farautar a mota ake kai su bakin daji, su hau wani ɗan dandamali a kan bishiya su yi kwanto. Amma akwai 'yan tsiraru da ba haka suke so ba. Su so suke a ɗauke su a kwalekwale, a bi tafki a faɗa kogi, a kwana a tanti, a yi sanɗa. Tambayar da ke bakinsu kullum ita ce: ina za a sami wanda zai kai mu?

Matsayina a kan wannan batu ɗaya ne, kuma a kansa zan tsaya har ƙarshen shirin. Dokar da ta hana baƙo shiga wannan daji shi kaɗai da bindiga doka ce mai hujja, kwalekwale kuwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Saboda haka mai neman irin wannan tafiya, abin da ya kamata ya auna jagora da shi shi ne abubuwan da jagoran zai hana shi yi. Alkawari kowa ya iya.

Mu fara da dabbar kanta, don hujjar daga jikinta take tasowa. Baƙin beyar ba ya cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi a rukunin waɗanda ba a damu da yawansu ba, kuma lardin Ontariyo kaɗai hukuma ta daɗe tana ƙiyasta yana da tsakanin 85,000 zuwa 105,000. Sai dai yawa daban, saurin hayayyafa daban. A dazuzzukan arewa macen beyar kan kai shekara biyar ko fiye kafin ta yi haihuwar fari. Tana haihuwa a cikin rami a tsakiyar hunturu, wajajen watan Janairu, tana cikin dogon barcin nan da suke yi na watanni, 'ya'ya biyu ko uku. 'Ya'yan kan zauna tare da ita kusan shekara ɗaya da rabi, don haka sai bayan shekara biyu take sake haihuwa, in an yi rashin 'ya'yan itatuwan daji ma ta wuce haka. Dabbar da ke haihuwa a hankali irin wannan, in aka kashe namiji ɗaya ba a yi wa garken wani babban giɓi ba, amma in aka dinga kashe mata sai a wayi gari yankin ya yi fayau, kuma a ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo. Matsalar ita ce daga nesa mace da namiji kusan kamarsu ɗaya: baƙin gashi, gajeren bindi, tafiya a sunkuye. Wanda bai saba ba, ko girman ma ba ya iya ƙiyastawa.

Wannan ne ya sa lardunan Kanada, duk da kowanne da dokarsa, suka haɗu a kan abu guda game da baƙo. A Ontariyo wanda ba mazaunin lardin ba ne ba zai farauci beyar ba sai ta hannun mai lasisin harkar, wanda gwamnati ta ware wa yankinsa na daji, kuma shi zai ba baƙon takardar da ke halatta lasisinsa. A da akwai sassauci ga baƙon da ya mallaki fili a lardin ko mai ɗan'uwa na jini a can, amma tun 2021 aka toshe wannan ƙofa. A Kwibek, inda Faransanci ne harshen hukuma, baƙo a kudancin lardin sai ya bi ta masaukin farauta mai rajista ko ta gandayen da hukuma ke kula da shiga da fitarsu. A Manitoba ɗan wata ƙasa sai ya yi rajista ta mai masauki, sannan jagora mai lasisi ya raka shi. A Biritish Kolombiya ma ɗan ƙasar waje ba ya farautar manyan namun daji sai da jagora. Tsarin ya yi kama da na fatoma a kasuwar shanu: baƙon fatake ba ya sauka ko'ina sai gidan wanda gari ya sani, wanda in wani abu ya taso shi za a kama. Hukuma ba za ta iya bin kowane baƙo cikin daji ba, amma ta san inda za ta sami mai lasisi, kuma shi ma ya san ta sani.

To kun ga ke nan neman wannan tafiya ba daga hotunan intanet ake fara shi ba. Daga ma'aikatar da ke kula da namun daji ta lardin ake farawa, a karanta littafin ƙa'idojin farauta na shekarar, wanda kowane lardi ke fitarwa kyauta, sannan a duba jerin sunayen ƙungiyoyin masu masaukai, irin su NOTO a Ontariyo da takwarorinta na Kwibek da Manitoba da Biritish Kolombiya. Akwai kuma wani bambanci da mutane da yawa ba su lura da shi sai sun isa. A Ontariyo doka ta wajabta bi ta hannun mai lasisi, amma wannan ba ya nufin wani zai zauna kusa da kai. Da yawa daga cikin tafiye-tafiyen da ake tallatawa, kai mutum ake yi wurin kwanto da la'asar, a dawo a ɗauke shi bayan faɗuwar rana. Wanda kwalekwale yake so, tambayarsa ta farko ita ce: jagoran yana cikin jirgin tare da ni dare da rana, ko taswira kawai za a ba ni?

Zai kuma tarar cewa masu yin wannan irin tafiya ba su da yawa, kuma akwai dalili. A gabashi da tsakiyar Kanada kasuwar farautar beyar a kan ajiye abinci ta ginu. Mai masauki kan zaɓi wurare a yankinsa, ya riƙa zuba abinci mai zaƙi da maiƙo a cikin ganga tun makonni kafin baƙi su iso, har beyar ya saba da zuwa. Wannan aiki ne na babur mai ƙafa huɗu da jirgi mai inji, domin sai an yi ta zagayawa ana ƙari. Kwalekwale ba ya ɗaukar wannan jigila. Saboda haka sau da yawa kwalekwalen da ke cikin hoton talla na kamun kifi ne da safe, ba shi da alaƙa da farautar. Farautar kwalekwale ta gaske ita ce a bi gaɓa a hankali da tabarau mai hangen nesa: a watan Mayu ana duba inda sabuwar ciyawa ta fara tsirowa da bakin rafukan da kifi ke hawowa yin ƙwai, a ƙarshen Agusta da Satumba ana duba tsofaffin wuraren da gobarar daji ta cinye, inda 'ya'yan itace ke nuna. Mutum na iya yin mako guda bai ga komai ba sai sawu da kashi. Ƙari a kan haka, hanyoyin kwalekwale da suka fi suna a duniya da yawansu an haramta farauta a cikinsu. Gandun Kwetiko da ke kan iyakar Ontariyo da Amurka ba a farauta, gandun Caplo da aka kafa a 1925 haka, gandayen gwamnatin tarayya ma haka. Ontariyo na da tafkuna wajen 250,000, kuma iyakar yankin da aka halatta da wanda aka haramta ba a zana ta a kan ruwa ba. Sai wanda ya sani.

Yanzu mu dubi abin da kwalekwale ke ƙarawa a kan haɗarin, mu fara da ruwan kansa. Lokacin farauta na farko a Ontariyo daga 1 ga Mayu ne zuwa 15 ga Yuni. A farkon wannan lokaci tafkunan arewa ba su daɗe da narkewar ƙanƙara ba, wasu ma ba su gama ba. Ruwa mai irin wannan sanyi, wanda ya faɗa ciki numfashinsa ke fara ƙwacewa, cikin 'yan mintoci hannuwa su daina kama abu, ko da gwanin iyo ne. A ranar 11 ga Yuni, 1978, 'yan makaranta da ke tafiya a kwalekwale huɗu sun kife a tafkin Timiskamin da ke tsakanin Ontariyo da Kwibek. Yara 12 da babba ɗaya suka rasu, kuma suna sanye da rigunan hana nutsewa. Sanyin ruwa ne ya kashe su. A watan Yuni ke nan, ba a Mayu ba. Jagoran da ya san tafki shi ne wanda zai dubi sama da safe ya ce yau iska za ta taso, ba mu tsallakawa, ko da baƙon ya ƙirga kwanakin da suka rage masa ya ga suna ƙarewa. Wannan hani na farko ke nan, kuma wanda ya biya kuɗin jirgin sama daga wata nahiya ba zai iya yi wa kansa shi cikin sauƙi ba.

Hani na biyu a kan harbi ne. Dokar Ontariyo ta hana harbin babban naman daji yana cikin iyo, beyar kuwa gwanin ruwa ne, kuma mai kwalekwale ya fi kowa samun damar cin karo da shi a tsakiyar tafki. Dokar ta kuma hana riƙe bindiga da harsashi a ciki a jirgi mai inji, kuma da zarar an maƙala wa kwalekwale ɗan ƙaramin inji ya shiga wannan hukunci. Ko inda doka ba ta hana ba, jirgin da ke rawa a kan ruwa ba wurin saiti ba ne. Harsashin da ya kauce da ɗan yatsa ya bar dabba da rauni ta shige kurmi, gashinta mai kauri da kitsenta suna shanye jinin, ga duhu na gabatowa. Jagora nagari zai sa a sauka a gaɓa, a duba iska, a matso, in ba ta yiwu ba a haƙura.

Hani na uku shi ne mafi nauyi, kuma shi ya taɓa rufe wannan farauta baki ɗaya. A 1999 gwamnatin Ontariyo ta soke farautar beyar ta watannin Mayu da Yuni, dalilin da ta bayar kuwa shi ne 'ya'yan da ake mayarwa marayu idan an harbe uwa. Shekara 15 aka yi babu ita. A 2014 aka dawo da ita a matsayin gwaji a yankuna takwas, ga 'yan lardin kawai. A 2016 aka faɗaɗa ta aka shigar da baƙi, sannan daga 2021 ta zama ta dindindin. Sharaɗin da aka gindaya shi ne ba a harbin ɗan beyar ko uwar da ke tare da 'ya'ya, kuma wanda ya karya yana iya fuskantar tarar da ta kai dalar Kanada 25,000 da ɗaurin shekara guda. Sai dai uwar beyar tana da wata ɗabi'a: in za ta fito fili neman abinci, takan kora 'ya'yanta su hau bishiya, ta fito ita kaɗai. Baƙon da zuciyarsa ke bugawa, wanda yau ne ya fara ganin beyar ido da ido, zai rantse wannan namiji ne. Wanda ya ga ɗaruruwa zai dubi faɗin kai, da yadda kunnuwa suka zauna, da kaurin ƙafafun gaba, da yadda take yawan waiwaye, ya ce a dakata. Wani lokaci dakatawar ita ce ƙarshen damar da za a samu a tafiyar gaba ɗaya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama rediyonku, muna magana ne a kan yadda baƙo ke neman jagoran farautar baƙin beyar a kwalekwale a ƙasar Kanada. Yanzu bari mu saurari masu ja da abin da na faɗa, domin suna da maganganu masu nauyi.

Na farko zai ce wannan doka hanyar tatsar baƙi ce kawai. Ɗan lardi na sayen lasisi da kuɗi kaɗan ya shiga daji abinsa, baƙo kuwa lasisinsa ya ninka sau da yawa, sannan a tilasta masa biyan mai masauki dubban daloli, alhali wataƙila ya fi ɗan lardin iya harbi. Ba zan musa cewa akwai kuɗi a cikin lissafin ba. Ƙananan garuruwan arewa suna rayuwa da wannan kasuwa, kuma masu masaukai na cikin waɗanda suka fi matsa wa gwamnati lamba ta dawo da farautar da aka soke. Amma iya harbi shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake buƙata. Wanda ya ƙware a farautar barewa a Jamus ko gadar daji a wata ƙasa bai san halin wannan tafki ba, bai san inda iyakar yankin wani ta fara ba, bai san a wace ƙasar 'yan asalin wurin yake taka ƙafa ba. Sannan akwai bambanci na asali tsakaninsa da ɗan lardi: in ɗan lardi ya yi ɓarna, yana nan, za a same shi, kuma shi zai zauna da giɓin da ya yi. Baƙo kuwa bayan kwana bakwai ya hau jirgi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin ne ake tambaya in an yi ɓarna.

Na biyu ya fi wannan kaifi. Zai ce, ai jagoran da kake yabo kuɗi yake karɓa, kuma baƙon da ya koma gida hannu rabbana ba zai dawo ba, ba zai turo abokinsa ba. Ashe ba shi ne zai fi kowa son a harba ba? Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce babu jagororin da ke rufe ido yaudarar kansa yake yi. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne yadda aka ɗaure mai lasisi da yanki guda. In ya bari aka kashe matan yankinsa bana, shi zai rasa abin nuna wa baƙi nan da shekara biyar, ba kuma zai iya tattara kayansa ya koma yankin maƙwabci ba. Akwai kuma rahoton dole da ake bayarwa a kan abin da aka kashe, da wani ɗan ƙaramin haƙori da hukuma ke roƙon a aiko mata, wanda ake yankawa a ƙirga zobban da ke cikinsa a san shekarun dabbar. Da sa idon hukuma ne aka gane beyar na raguwa a yankin Burus da ke kudancin Ontariyo, aka rage lokacin farautar can zuwa mako guda. Duk da haka ban ce lasisi shaidar nagarta ba ce. Lasisi ƙofar shiga ce kawai. Shi ya sa na ce a auna mutum da haninsa. Wanda ya rubuta a tallarsa cewa ko shakka babu za ka samu, a farautar sanɗa cikin kwalekwale, ko dai ƙarya yake yi ko kuma ya shirya karya wata doka domin ya cika alkawarin. Mai neman tafiya ya tambaya a ba shi lambar baƙin da suka zo bara ba su samu komai ba, ya ji ta bakinsu. Mai gaskiya yana da irin waɗannan baƙi, kuma ba ya jin kunyar su.

Na uku zai zo ta wata fuska, ya ce kwalekwalen nan duk son burgewa ne, kuma in tausayin uwa da 'ya'ya ake yi, kwanto a kan abinci ya fi. Mai kwanto na zaune a sama, beyar na ƙasa a tazarar taku kaɗan, yana iya kallonsa na tsawon mintoci ya tabbatar namiji ne, ya saita a natse. A nan dole in sallama da yawa. Ko masana namun daji da dama suna kafa wannan hujja, kuma tana da ƙarfi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu ganin ajiye abinci yana cire wa dabba damar tsira yana kuma saba mata da abincin mutane, shi ya sa Biritish Kolombiya ta haramta shi, Ontariyo kuma ta hana ajiye shi ƙasa da mita 500 daga gidan mutane. Ba sai na raba wannan gardama ba kafin hujjata ta tsaya. Abin da ƙorafin ya nuna shi ne mai kwalekwale ya zaɓi hanyar da lokacin dubawa ya fi ƙaranci, nisa ya fi yawa, kuskure ya fi sauƙi. In haka ne, buƙatarsa ga idon gwani ta fi ta mai kwanto, kuma dole ya shiga jirgin da niyyar cewa komawa babu komai yana cikin abin da ya saya.

Na huɗu zai ture maganar gaba ɗaya ya ce, me ya kai mutum tsallaka teku don ya kashe dabbar da ba ta yi masa komai ba? Masu kare farautar sukan amsa da cewa tana rage shigar beyar cikin garuruwa. Ni ba zan jingina da wannan ba, don hujjar ba ta da ƙafa. Kwamitin da gwamnatin Ontariyo ta kafa ya ba da rahoto a 2003 cewa bai ga alaƙa tsakanin soke farautar da ƙaruwar koke-koken jama'a ba, binciken da masana suka yi daga baya kuma ya nuna abin da ke koro beyar cikin gari shi ne shekarar da abincin daji ya yi ƙaranci, da kuma shara da aka bari a buɗe. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne farautar, in an bi ƙa'ida, ba ta rage yawan dabbar, tana ciyar da iyalai a garuruwan da ba su da wata masana'anta, kuma doka ta hana a yar da naman ya ruɓe. Ko wannan ya isa ya halatta wa mutum a zuciyarsa, shi ya sani. Mai sauraro Musulmi yana da ƙarin abin dubawa: Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya farautar da ake yi don wasa kawai cikin makaruhi, naman dabbobi masu fiƙa kuwa akasarin mazhabobi sun haramta shi, sanannen ra'ayin Malikiyya kuma karhanci ne, don haka a tambayi malamai kafin a tambayi mai masauki. Su ma mutanen Anishinabe da Kiri, 'yan asalin ƙasar waɗanda kakanninsu suka ƙera kwalekwalen ɓawon bishiya suka buɗe waɗannan hanyoyin ruwa tun kafin zuwan Turawa, beyar yana da girma a wurinsu, har akwai dangin da ke amsa sunansa, kuma kundin tsarin mulkin Kanada na 1982 ya amince da haƙƙoƙinsu na gado. Jagoran da bai iya gaya maka a ƙasar wace al'umma za ku bi ba, da yadda yake zaune da su, bai gama sanin dajinsa ba.

Batun naman nan kuma shi ne inda kwalekwale ke gwada kowa. Babban namiji kan wuce kilo 120, wasu su ninka haka. Tsakanin tafki da tafki sau da yawa babu ruwa, sai a sauke kaya, a kifa jirgi a ka, a ratsa ta ƙafa cikin duwatsu da taɓo, a dawo a kwashi sauran, ga ƙananan ƙudaje masu cizo da ke tashi kamar hayaƙi daga ƙarshen Mayu. Yanzu a ƙara nama da ɗanyar fata a kan wannan kaya. Babu firiza, kuma beyar dabba ce mai kitse da gashi mai riƙe zafi, in ba a feɗe da wuri ba nan da nan nama ke juyawa, musamman a Agusta. Saboda haka nisan da za a iya shiga daji nama ne ke yanke shi, ba ƙarfin dantsen matuƙi ba. A tambayi jagora: in mun samu a wuri mafi nisa, awa nawa kafin nama ya isa sanyi? Akwai jirgin sama mai sauka a ruwa da za a kira, kuma wa zai biya? Akwai wayar tauraron ɗan'adam? Wanda ya ce daga tafki kaza ba ma harbi saboda ba za mu iya fitar da nama ba, ya san aikinsa.

Ko da naman ya iso lafiya, da sauran rina a kaba. Naman beyar kan ɗauki wata ƙaramar tsutsa mai suna tirikinela, irin ta arewa kuma sanyin firiza ba ya kashe ta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoto a 2024 a kan wasu dangi da suka taru a 2022 suka gasa naman beyar da aka harbo a arewacin Saskacewan. Naman ya yi kwana 45 a firiza, bisa shawarar mai masaukin farautar da ya ce sanyi zai kashe tsutsar. Mutum shida suka kamu, biyu daga cikinsu ma kayan lambun da aka gasa tare da naman kawai suka ci. A 2005 ma wasu mafarauta 'yan Faransa da suka je arewacin Kwibek sun kamu, har da iyalansu da suka ci naman da aka kai gida. Maganin abin shi ne a dafa har zafin tsakiyar nama ya kai digiri 74, a auna da ma'auni, domin naman baƙi ne, ido ba ya gane ya nuna. Ku lura mai masaukin farauta ne ya ba da waccan shawarar ta sa nama a firiza. Yadda ake kashe wannan tsutsa tambaya ce mai sauƙi da za a jarraba kowane jagora da ita tun a waya.

Saura takardu, kuma su ma tun kafin a biya kafin alƙalami ake duba su. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana sai da biza, kuma Kanada na iya hana mutum shiga saboda tsohon laifi, har da tuƙi cikin maye, don haka a sa a rubuce ko za a mayar da kuɗi in biza ba ta fito ba. Lardi zai nemi shaidar cewa mutum ya yi horon farauta ko yana da lasisi a inda ya fito. Mai shigowa da bindigarsa zai cike takardar bayyana makami ta baƙi, ya sa hannu a gaban jami'in kan iyaka, ya biya dalar Kanada 25, takardar kuma ta yi masa aiki kwana 60. Wajen fita, tun 1992 baƙin beyar na cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba don ya yi ƙaranci ba, sai don sassan jikinsa ba su da bambanci a ido da na beyar ɗin Asiya da ake karkashewa saboda matsarmamarsu. Wanda zai kai fata ko ƙoƙon kai wata nahiya sai da izinin fitarwa, kuma ya binciki dokar ƙasarsa a kan shigarwa. Matsarmama kuwa, a Ontariyo riƙe ta kaɗai bayan an cire ta daga jikin dabbar laifi ne, ko ba a sayar ba. Duk jagoran da ya rage murya ya ce yana da hanyar da za a bi da ita, a ajiye waya, a nemi wani.

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)